Sun san maɓallin rigar sojan Napoleon, lifidinmu kuwa sai kame-kame

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Ni Bakano ne amma neman abinci ya ajiye ni a Nottingham ta ƙasar Ingila, ta intanet nake bin jaridarku. Maganar da na zo da ita na san wasu za su ce ta marasa aikin yi ce, to dan Allah a daure a karanta har ƙasa kafin a yanke min hukunci.

A nan akwai wani abin sha'awa da manyan mutane ke yi, magidanta da tsofaffi har da tsofaffin sojoji da malaman makaranta, wato fentin ƙananan sojojin tarihi. Ba zan kira shi sana'a ba don yawancin masu yi kashe kuɗi suke ba samu ba. Soja ne ɗan mitsitsi na ƙarfe ko roba, tsawonsa milimita 28, ko tsinken ashana ya fi shi tsawo, za ka saye shi toka-toka ba launi ko ɗaya a jikinsa, kai ne za ka zauna da burushi ka sa masa kaya daidai da yadda sojan wancan zamanin ya sa. In ka gama ɗaya ka ɗauki wani, har ka tara bataliya, har ka tara runduna da dawakanta da igwoginta da tutocinta. Wasu su jera a kabad na gilashi, wasu su kai kulob a shimfiɗa babban tebur a yi tsaunuka da rafi da ganuwa a sake buga yaƙin da ka'idoji da awo. Garin nan da nake zaune shi ne cibiyar abin, nan Games Workshop yake, nan Warlord Games yake, nan kuma wasu tagwaye Alan da Michael Perry suke da kamfaninsu Perry Miniatures. Shi Michael ma a 1996 igwa ta fashe masa a wajen kwaikwayon wani tsohon yaƙi a Faransa ya rasa wani ɓangare na hannun dama, mutumin nan bai bari ba ya koyi sassaƙa da hagu ya ci gaba. Kaga irin nacin da ake wa abin kenan.

Ba kuma jiya aka fara ba. Jamusawa sun daɗe suna zuba sojojin kuza masu faɗi a Nuremberg, a 1893 kuma kamfanin William Britain a Landan ya fito da dabarar zubi mai rami a ciki, dalma kaɗan ta yi soja guda, farashi ya sauko yaran talakawa ma suka samu. Sai 1966 suka daina na dalma saboda gubarta. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Aikin kansa ba wani sirri, haƙuri ne kawai. Za ka fara kankare layin zubi da reza ko ƙaramin magagari, ka wanke da sabulu don maiƙon zubin ya fita, ka haɗa hannu da bindiga da gam in a rarrabe suka zo, sannan ka fesa fentin farko, fari ko baƙi ko toka, in ba ka yi wannan ba duk abin da ka shafa zai ɓare. Fentin na ruwa ne, kuma kuskuren kowane sabon shiga shi ne ya ɗebo shi da kauri ya lafta, shikenan fuska ta toshe maɓalli ya ɓace. Sai ka tsinka shi da ruwa ka shafa sau biyu ko uku siriri siriri. Bayan nan akwai wani fenti mai duhu tsararo da ake bi da shi ya gangara cikin lungunan riga ya ba da inuwa, sai ka dawo da launi mai haske ka taɓa wuraren da rana za ta buga, kafaɗa, gwiwa, kan hanci. A ƙarshe ka shafa ruwan da ke kare fentin kar hannu ya goge shi, ka manna yashi da ɗan ciyayi a ƙasan ƙafarsa. Ido kam yana shan wahala, shi yasa za ka ga dattijo da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi har tsakar dare.

Amma ba burushin ne ya sa na rubuto ba, binciken ne. Wallahi Malam Edita mutanen nan in suna gardama kan launi sai ka rantse gado ake rabawa. Sojan Ingila a yaƙin Waterloo da aka yi da Napoleon ranar 18 ga Yuni 1815 jar riga yake sawa, to amma kwala da bakin hannun riga kowace runduna da nata launin, wata rawaya wata kore wata shuɗi, ga runduna ta 95 masu bindigar raifil su kuma kore mai duhu suke sawa da baƙar kwala. In ka yi wa wata kwalar wata a kulob sai an gaya maka, cikin ladabi dai amma sai an gaya maka. Sojojin runduna ta 24 da Zulu suka murƙushe a Isandlwana ranar 22 ga Janairu 1879, jar riga koriyar kwala, hular kwanonsu fara ce amma sukan rina ta da shayi don kar ta riƙa haskawa daga nesa, to har wannan ɗan dafin shayin sai mai fenti ya fitar da shi. Sun san a Ginnis ta Sudan ne a ƙarshen 1885 sojan Ingila ya yi yaƙinsa na ƙarshe da jar riga, saboda haka in ka kawo sojan Kitchener na Omdurman 1898 da ja an kama ka, kaki ne. Me ya ba su wannan ƙarfin gwiwa? Rubutu. Akwai dokokin tufafin soja a rubuce, akwai rigunan kansu a gidajen tarihi, akwai zane-zane masu launi, akwai kamfanin Osprey da ya shekara fiye da hamsin yana buga ƙananan littattafai kowanne kan kayan wata runduna.

Akwai labarin da nake so masu karatu su sani don shi ne gindin maganata. Wani hafsan Ingila Kyaftin William Siborne ya ɗauki aikin gina filin Waterloo gaba ɗaya a ƙaramin siffa. Ya je ya zauna wata da watanni a filin yana awo, ya rubuta wa ɗaruruwan hafsoshin da suka tsira wasiƙu yana tambayar kowa ina kake tsaye da misalin ƙarfe bakwai na yamma, me ka gani, wa ke damanka. Ya gama a 1838 da ƙananan sojoji sama da 70,000, yau abin yana gidan tarihin sojan Ingila a unguwar Chelsea a Landan. To amsoshin da ya tara sun nuna sojojin Prusiya, Jamusawa abokan kawancen Ingila, sun riga sun shigo fili da yawa a wannan lokacin, wanda hakan ke rage wa Wellington, kwamandan ɓangaren Ingila, kaso a nasarar, manya ba su ji daɗi ba, kuɗin da ya sa rai gwamnati za ta biya bai samu ba, bashi ya yi masa katutu, daga baya ya kwashe da yawa daga cikin sojojin Prusiyan daga kan filin. Wanda ya zo kallo bayan nan abin da ya gani shi ne tarihi a wajensa. Yaro ba zai karanta littafi mai shafi ɗari biyar ba amma zai tsaya gaban gilashi ya zuba ido, kuma abin da ya gani ɗin nan shi zai zauna masa.

Yanzu mu dawo gida. Yaƙin Mahdi na Sudan yana da kasuwa sosai a wajen masu wannan harka, su Perry ma suna da kwalin Ansaru, wato mayaƙan Mahdin, na roba mai mutum kusan 40, kuma an san kayansu tsaf, farar jibba mai faci masu launi a jere, mutanen Beja da tulin gashinsu da dogon takobi, baƙar tutar Halifa Abdullahi. Amma ka tambayi wanda ya san yaƙin Kano ko Sakkwato ko Burmi na 1903, sai ɗaiɗai. Wani dattijo a kulob ɗinmu, mutumin kirki, ya karanta labarin Kwatarkwashi, inda rundunar Kano ta kara da ta Turawa a 1903, saboda a nan ne wani Laftanar Wallace Wright ya samu babbar lambar jarumta ta Ingila, Victoria Cross, ya yi sha'awa ya ce zai haɗa yaƙin. Ya rasa sojojin da za su tsaya a matsayin mutanen Wazirin Kano Ahmadu, sai ya ɗauko Ansarun Sudan ya shafe facin jibbar da fari, ya ɗauko mahayan Larabawa ya ɗora, ya ce min ga rundunar Kano. Na duba na ga ba rawani irin namu, ba babbar riga mai aiki a ƙirji, ba alkyabba, sirdin ma ba namu ba, ba ko ɗan lifidi ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Ya ce to nuna min inda zan duba, nan fa na yi tsuru-tsuru, don abin da ke akwai bai taka kara ya karya ba. Zanen da Bature matafiyi Denham ya kawo daga tafiyarsa ta Barno aka buga a 1826, mai nuna mahayi cikin sulke da wani na Bagarmi shi da dokinsa cikin lifidi, shi ake ta juyawa har yau, alhali wannan kusan shekara tamanin kenan kafin 1903 kuma ba ma Kano ba ce. Hotunan zamanin zuwan Turawa kuma baƙi da fari ne, launin kaya ba ya fitowa, ba ka iya rabe kore da saƙi.

Ɓangaren Turawan kuwa komai a rubuce. An san Kanar Morland ne ya jagoranci tafiyar daga Zariya a ƙarshen Janairu, an bi ta Bebeji, an shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 Sarki Alu ba ya gari, an san suna da igwa da bindigar Maxim mai ruwan harsashi, an san Giginya a Sakkwato 15 ga Maris, an san Burmi 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada shi ma Manjo Marsh na Turawa ya mutu. An san kayan faretin rundunar da Lugard ya kafa, jar dara, 'yar shara ja mai bakin rawaya, jan ɗamara, gajeren wandon kaki. Abin da ba a cika son faɗa ba a gida shi ne Turawan cikinta 'yan kaɗan ne, hafsoshi da saje-saje, sauran masu riƙe da bindigar yawancinsu Hausawa ne da Yarbawa, kuma tun 1863 Glover ya fara ɗaukar Hausawa soja a Legas. Wato in ka zauna yin fentin yaƙin Kano tsakani da Allah, fatar da za ka haɗa wa na cikin ganuwa ita za ka haɗa wa na waje. Ni dai wannan bai taɓa shiga kaina sosai ba a aji sai da na jera su a tebur na gani da idona. Haka kuma alaƙarmu da Sudan ɗin ba ƙarya ba ce, waɗanda suka tsira daga Burmi da yawa gabas suka ci gaba, ɗan Attahiru Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu wanda har yau sunansa yake amsawa. Amma wannan bai mai da jibbar Ansaru rigar barden Kano ba.

Fatar ma da na ambata wani darasi ne. Yawancin masu fenti a nan in suka zo kan baƙin mutum sai su shafa ruwan ƙasa mai duhu guda ɗaya su wuce, fuska ta mutu. Alhali sai ka fara da ruwan ƙasa mai ja-ja a ciki, ka yi inuwa da abin da ya ɗauko shuɗi ko ruwan hanta, ka haska goshi da kumatu kaɗan, kuma rundunar da ta haɗa Bahaushe da Bafillace da Buzu da Babarbare ba za ta fito da fata iri ɗaya ba. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne rawani ɗan Kura. Ba baƙi ba ne ba shuɗi ba ne, baba ne ya sha har ya ƙoshi sannan mabuga suka buge shi da shuni har yana walƙiya yana ɗaukar ido da ɗan ja-ja in rana ta buga. Ba kwalbar fentin da za ka saya ta ba ka wannan kai tsaye, sai ka haɗa baƙi da shuɗi mai duhu ka ɗiga ruwan hanta, ka bar shi da ɗan ƙyalli alhali sauran kayan ka kashe musu ƙyalli. Bature bai san ma akwai wannan matsalar ba balle ya nemi maganinta, shi shuɗi kawai zai shafa. Haka dawakai, zai yi maka su duk ja wur girman dokin Turai, ba kili ba akawal ba danda ba hurde.

To abin haushin shi ne ilimin nan bai ɓace ba, yana nan da ransa. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Har gobe 'yan lifida da 'yan sulke suna fitowa a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, akwai masu ɗinka lifidin suna cusa masa auduga, akwai dukawa, akwai masu sirdi da linzami da likkafa, akwai marina a Kofar Mata, akwai gidajen sarauta da ke da sulken kakanni a ajiye a adaka, ga Gidan Makama ga Arewa House a Kaduna ga ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai kayan hawan yau ba lalle su zama kayan yaƙin jiya ba, yanzu yadin kanti ya shigo, zare mai ƙyalli na roba ya shigo, ado ya rinjayi kariya, kuma wanda zai iya ce maka wannan tsohon yayi ne wancan kuwa bayan zuwan Turawa aka ƙaro shi, dattijo ne, kuma dattawan nan tafiya suke ɗaya bayan ɗaya. Duk shekara jaridu, har da taku Malam Edita kar ka ji haushi, za su cika shafi da hotunan hawa masu kyau, a ƙasa a rubuta wani mahayi a hawan Daushe, shikenan. Wane ne, tawagar wane hakimi, me ake kiran abin da ke ƙirjin dokin, wa ya ɗinka, me ya sa wannan ya sa gashin jimina a kwalkwali wancan bai sa ba, ba ko ɗaya.

Na san inda wasu za su tare ni, batun mutum-mutumi. Gaskiya ne malamai da yawa sun hana sassaƙa surar abu mai rai kuma hujjojinsu sanannu ne, wasu kuma sun yi rangwame kan kayan wasan yara saboda hadisin 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda a ciki har da doki mai fukafukai. Ni ba malami ba ne ba kuma fatawa na zo bayarwa ba, kowa ya tambayi malaminsa, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari. Abin da nake roƙo bai ma rataya a kan wannan ba. Auna lifidi da rubuta launinsa da ɗaukar hoton sirdi da garkuwa da kwari ba sassaƙa ba ne, kuma amfaninsa ya wuce masu irin abin sha'awata nesa. Masu shirya fim ɗin tarihi a Kannywood suna buƙata, don sau nawa muke ganin an sa wa sarkin shekara ɗari biyu baya shaddar kanti. Masu zanen littattafan firamare suna buƙata, ɗaliban tarihi a BUK da ABU da Danfodiyo suna buƙata.

Kuma lokaci ya canza ta yadda ba sai mun jira wani kamfani a Ingila ya ga dama ba. Yanzu a kwamfuta ake zana sojan, a sayar da fayil ɗin ta intanet, mai saye ya fitar da shi da na'urar 3D a ɗakinsa. Yaran da ke zanen kwamfuta a Kano da Kaduna, waɗanda iyayensu da mu muka taso muna gina doki da laka muna ƙera mota da kara, ba abin da zai hana ɗaya daga cikinsu ya zana ɗan lifidi na gaskiya da ɗan baka da mai kakaki ya sayar wa masu kulob a Ingila da Amurka da Jamus, su da kullum suke neman yaƙin da ba a gaji da shi ba. In ba mu yi ba wani zai yi daga can da zanen Denham da hasashe, kuma nasa ne zai zama abin da duniya ta sani. Ban ma taɓo kakanninmu 'yan Burma na runduna ta 81 da ta 82 ba, waɗanda su ma ba kasafai ake ganinsu a kan teburan nan ba duk da ana buga yaƙin Japan kullum.

Saboda haka roƙona biyu ne. Ku ware ko rabin shafi ne lokaci-lokaci, ku tura wakilinku ya zauna da Sarkin Lifida ko wani tsohon baduku ko mai sirdi, a ɗauki kaya ɗaya tak a kowane fitowa a yi masa filla-filla, sunansa, da me ake yinsa, wane launi aka sani da shi a da, wa ke da ikon sawa. Na biyu kuma ga masu karatu ne, duk wanda ke da tsohon sulke ko lifidi ko takobi ko sirdi na gado a gida, ba cewa na yi ya sayar ko ya ba kowa ba, ya fito da shi tsakar gida da hantsi ya shimfiɗa a kan farin zane, ya ajiye rula ko tef ɗin tela a gefe don a gane girmansa, ya ɗauka gaba da baya da ciki, kar ya sa filashi don yana canza launi, ya rubuta abin da ya ji daga manya game da mai shi da garin da aka yi shi, ya aiko wa jarida. In kun buga ni dai ga mai yankewa ya ajiye.

Na gode da ba ni fili, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatunku daga Nottingham, Ingila